A Ɗan Gyara Gidan

Ranar Litinin, daga ɗakin kwanan ɗalibai

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki, yaya ƙafa, yaya kunne? Ni lafiyata ƙalau, sai yawan karatu. Na san za ki juya takardar nan ki ce wace ce kuma wannan. Ni ce 'Yar Awo, 'yar ɗan kawunki, wadda kika raɗa wa sunan saboda na addabe ki da ɗauke tef ɗinki na ɗinki ina auna ƙafafun kujeru. Shekara shida ke nan ban taka gidan ba, tun rasuwar Baba, kuma ban rubuto ba. Ba ni da hujja. Kunya ce ta yi ta taruwa har na rasa ta inda zan fara. An ce mini yanzu waya ba ta yi miki, kunne ba ya kamawa, shi ya sa na ɗauki biro.

Na ji labarin jan fentin da aka shafa a bangon gidan, da maganar faɗaɗa titi nan da wata biyar. Ranar da na ji ban iya karanta ko layi ɗaya ba. A gidan aka haife ki, a nan Baba ya tashi a hannun mahaifinki, ina kuma za a ce ki koma?

Ga dalilin wasiƙata. Karatun da nake yi a ƙasar nan na raya tsofaffin unguwanni ne ba tare da an share su ba. Kowace shekara Malamarmu tana kwasar ɗalibai zuwa wani birni, mu zauna mako biyu muna awo da zane da tambayar mutane. Bana mu goma sha huɗu ne, daga ƙasashe tara. Na nuna mata hoton da Baba ya bari, wanda yake tsaye a bakin ƙyauren gidan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ina ne nan?” A taƙaice dai, layinku za mu zo. Hukumar tsara birni ta yarda za ta karɓi rahotonmu, kuma gidan da aka tabbatar yana da tarihi ana iya cire shi daga jerin waɗanda za a rushe. Ban yi miki alkawari ba, Gwaggo, amma akwai hanya.

Za mu iso nan da wata biyu. Masauki an tanadar mana, ba sai an yi wata hidima ba. A dai ɗan gyara gidan kafin mu zo, shi ke nan.

'Yarki,
'Yar Awo

Ranar Alhamis, bayan kwana goma

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya, kuma wasiƙata ta farko ta same ki. Wannan gajeriya ce, a tsaye nake rubuta ta kafin a shiga aji.

Malama ta sa an ƙara wa hoton girma har ya cika allo. Gwaggo, ashe ƙyauren nan ba shi da ƙusar ƙarfe ko ɗaya! Duk da ƙusoshin itace aka haɗa shi. Ta ce shekara talatin tana yawon tsofaffin birane, sau biyu ta ga irinsa, kuma duka a gidan tarihi, a bayan gilashi. Ta ce a kansa za mu gina rahoton gaba ɗaya, domin bango da rufi irin na kowa ne. Ɗalibai sai kallona suke kamar ni na sassaƙa shi.

Don Allah kada a taɓa komai. Ko saƙar gizo-gizo ce a jikinsa, a bar mana ita mu gani.

'Yar Awo

Ranar Asabar, daga gida

'Yar Awo, ja'ira,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ƙafa da sauƙi, kunne kuwa yana nan yadda kika ji, yana zaɓen abin da zai ji. Takardarki ta iso, kuma ban juya ta ba. Ina ganin yadda kike karkata harafi na gane ki, haka ubanki yake rubutu kamar iska na tura shi. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Shekara shidan na yafe, amma idan kin zo sai na ja kunnenki, ke da naki ke aiki.

Allah ya yi miki albarka da kika tuna da ni. Tun da aka shafa jan fentin nan, masu zuwa jaje ne kawai nake gani, kowa ya ce sai haƙuri ya tashi. Ke ce ta farko da ta ce akwai hanya.

To, maganar gyara. Kin ce ɗan gyara, amma mutum goma sha huɗu daga ƙasa tara ai ba ɗan gyara ba ne. Ba za a zo daga bayan duniya a tarar da gidan Gwaggonki kamar kango ba. Na kira mai fenti ya bi bangon waje da shuɗi mai haske. Har jan tambarin na sa ya rufe, sai ga ma'aikacin hukuma bayan kwana biyu da gwangwaninsa, ya sake shafawa, yana ta ba ni haƙuri. Na ce ba komai, ja a kan shuɗi ma ya fi kyau. Na buɗe keken ɗinkina da ya shekara uku a rufe, na ɗinka labule shida.

Babban aikin kuwa shi ne ƙyaure. Kin tuna tsohon nan, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mai kuka duk lokacin da aka buɗe? Ya tafi! Mai walda na kusa da mu, yaron kirki ne duk da gemunsa ya fara fari, ya ƙera mini na ƙarfe, kore shar, da ɗan zanen fure a sama. Ko ƙara ba ya yi. Ya bar aikin wasu ya yi nawa da ya ji baƙi ne za su zo. Tsohon na ce wa kafinta na bakin kwana ya zo ya kwashe, ko ya samu abin benci a ciki. Mutum huɗu suka ɗauke shi suna nishi.

Yanzu duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalla. Ki gaya wa Malamarku ta zo da ƙarfin gwiwa, ba za ki ji kunya ba.

Gwaggonki

Ranar Talata

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta zo yau.

Shara nake nufi, Gwaggo. Shara da goge ƙura. Wasiƙata ta biyu ba ta iso ba ne?

Ƙyauren shi ne hujjarmu, ba mu da wata. Abin da shekara ɗari ba ta yi wa gidan ba, an yi masa a mako biyu. Na gaya wa Malama, ta ce za ta duba ko mu mayar da aikin wani layin. 

'Yar Awo

Ranar Lahadi, daga gida

'Yar Awo,

Ina lafiya, kada ki damu da wannan. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, ta biyun ta yi kwananta a hanya sai da ta ukun ta tarar da ita. Na fara buɗe ta ukun. Na karanta ta a tsaye, na karanta ɗayar a zaune.

Maganarki ta shekara ɗari ta yi mini zafi, kuma gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafin. Kwana biyu ban iya haɗa ido da ƙyauren ƙarfen nan ba. Na ce wato hukuma na jiran wata biyar, ni na riga ta da hannuna. Amma bari in gaya miki abu ɗaya, ba don in wanke kaina ba. Shekara arba'in ina ɗinki. Duk wanda ya kawo mini riga ya ce a ɗan gyara, ba wanki yake nufi ba. Farkewa yake so a yi, a yanke abin da ya tsufa, a sa sabo. Tela kika rubuta wa wasiƙa, 'yar nan, ba mai shara ba.

Rana ta uku na ɗauki sanda na tafi wurin kafinta. Na ce masa, “Ina ƙyaurena?” Ya nuna mini bayan shago. Babu ƙyaure, sai katako bakwai a jingine da sanduna uku na baya a ƙasa. Ya ce ƙofar shagonsa ta ƙi ɗaukarsa, shi ne ya bubbuge ƙusoshin ya wargaza. Ya fara yankan ɗaya don benci, itacen ya cinye masa haƙoran zarto, ya bari da tsaga kamar yatsa huɗu. Ƙusoshin ya zuba a gwangwanin madara.

Na ce ya mayar mini yadda yake. Ya kama haɓa ya ce, “Mama, wallahi na gwada da na ga aikin. Kowane rami da ƙusarsa, babu biyu masu kama da juna. Wanda ya san kansa ya daɗe a ƙasa.”

Sai kawai na ji ina dariya, har ya ɗauka zautuwa na yi. Na ce, ni ce a ƙasan? Duk bayan shekara uku mahaifina yana wargaza ƙyauren nan a tsakar gida ya shafe shi da mai, ni ce mai miƙa ƙusa. Kuma duk ƙusar da ta ruɓe, ba a kai wa kafinta. Ɗan gidan da ya isa riƙe wuƙa shi ake ba ya feƙe sabuwa, ta zama tasa. Na san mai kowace.

Na zazzage gwangwanin a zanina na ƙirga. Ashirin da ɗaya ya kamata, ashirin na samu. Mun share shagon har ƙarƙashin teburi, babu. Ba zan gaya miki ta wane ne ba sai kin zo.

Ban sani ba ko tulin katako zai yi wa Malamarku amfani. Idan ta ce wani layin, ba ta yi laifi ba. Amma ke ki zo. Ban haɗa shi ba, ina jiran mai miƙa mini.

Gwaggonki

Ranar Juma'a, daga ɗakin kwanan ɗalibai

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Mun dawo daga wurinki, mun sauka lafiya shekaranjiya, gajiya ce kawai. Yaya bayanki? Na ga yadda kike dafa shi ranar da muka taho, ki daina cewa ba komai. Ɗalibai duka suna gaishe ki. Dogon nan mai littafin zane ya rataye labulen da kika ba shi a tagarsa, ya ce ba mai taɓa masa.

Na nemi gafararki a baki, amma ban tabbata kin ji duka ba, kuma a takarda na yi laifin, don haka a takarda zan sake nema. Ki yafe mini, Gwaggo. Na yi shekara shida ban ce miki ci kanki ba, sannan na dawo ina yi miki faɗa a kan gidanki. Ni na rubuta magana mai baki biyu, kuma na san sarai tela nake rubuta wa.

Akwai abubuwan da aka faɗa a tsakar gida ranar haɗa ƙyauren, kina sunkuye kina aiki, na san ba su shiga kunnenki ba. Bari in ba ki su.

Da farko Malama ba ta so zuwa ba. Sai da na fassara mata wasiƙarki, na kai wurin da kika ce kin san mai kowace ƙusa, ta ce in sake karantawa. Da muka shiga ta ga katako a shimfiɗe a tabarma, na ga fuskarta ta canza. Amma da kika ɗaga ƙusar farko kika ce, “Wannan ta kakana ce, shi ya yi ƙyauren,” kika sa ta a raminta ta shige ba gardama, sai ta ce wa mai ɗaukar hoto, “Bar katakon, ɗauki hannunta.” Kika ɗauko ta yayarki mai gajen haƙuri, wadda ta feƙe rabi ta gudu. Kika ɗauko taki, kika ce ta fi kowace kyau, kowa ya yi dariya tun kafin in fassara. A nan Malama ta ce a hankali, da mun tarar da shi a rataye yadda muka so, da mun auna shi, mun zana shi, mun tafi ba mu san komai ba. Ta ce biyun da ta gani a bayan gilashi, ba wanda ya rage a duniya da zai iya wargaza su ya mayar. Kafinta ma ya ce mini a gefe, shekara talatin yana sana'a, ranar ya shiga aji.

Sauran kin sani. Ramin ƙarshe, na uku a sandar tsakiya, kika ce, “Nan ta ubanki take.” Kika miƙo mini wuƙa da guntun itace. Gwaggo, na zana gine-gine sun fi ɗari, amma ban taɓa feƙe ko guntun itace ba sai ranar. Na san ta fito a karkace. Na ga kafinta ya kau da kai.

Mun miƙa rahoton kafin mu taho, shafi sittin, da tsagar zarto da shuɗin fenti da komai, ba mu ɓoye ba. An ce kwamiti zai zauna cikin wata. Kullum da safe sai na duba akwatin wasiƙu.

Na gode, Gwaggo. Ban san yadda Baba yake da wuƙa a hannu ba sai a bakinki.

'Yarki,
'Yar Awo

Ranar Laraba, daga gida

'Yar Awo,

Wa alaikumus salam. Baya ya saki, ƙafa tana nan da halinta. Na ji gaisuwar yaran, ki ce ina amsawa, dogon kuma ya riƙa wanke labulen da ruwan sanyi kada ya koɗe. Maganar gafara an rufe ta, kada ki sake ɓata takarda a kanta. Abin da Malamarku ta faɗa na karanta sau uku, na kuma kai wa kafinta na karanta masa wurin da ya shiga aji, ya ce ai bai ce a rubuta ba.

Na san kina ta leƙa akwati, to ga shi. Jiya da hantsi ma'aikacin nan ya dawo da gwangwaninsa. Ina hango shi na ce shi ke nan, ya zo ƙara ja. Ya gaishe ni, ya yi magana, ban ji ba. Ya sake, ban ji ba. Sai ya buɗe gwangwanin ya nuna mini: fari ne. Ya shafe tambarin da hannunsa, ina tsaye ina riƙe da sanda, hawaye na zuba ba na ko sharewa. Ya ba ni takarda mai hatimi. Titin zai ɗan karkata ta wajen filin ajiye motoci, gida huɗu a layinmu sun tsira, namu ne na farko a jerin. Yanzu bangon shuɗi ne da farin faci a tsakiya, kuma ba zan kira mai fenti ba, na yi hankali.

Ba kowa ya tsira ba. Shagon mai walda yana cikin waɗanda za su tafi. Shi ya fara zuwa yi mini murna, abin ya tsaya mini a rai. Na ce ya kwaso kayansa ya dawo ɗakin waje da ke kallon titi, ai ba kowa a ciki sai tsofaffin akwatuna. Ya ce ƙarar aikinsa za ta dame ni. Na ce, wa? Ni? Ƙyauren ƙarfen da ya ƙera mini shi zai sa a ƙofarsa, kore shar da furensa, ka ce don wurin aka yi shi.

'Yar nan, ban san da bakin da zan gode miki ba. Na riga na fara ɗaure kaya a zuciyata, ina tunanin ɗakin wa zan je in zama nauyi. Yanzu a ɗakin da aka haife ni zan ƙarasa, in Allah ya yarda. Allah ya yi miki abin da kika yi mini. Ki gode wa Malamarku, ki ce tsohuwar da ta kusa ɓata mata aiki tana yi mata addu'a.

Saura magana ɗaya. Na ce miki tsohon ƙyauren yana kuka duk lokacin da aka buɗe, ban gaya miki dalili ba. Ƙusar ubanki ce. A karkace ya feƙe ta, katakon ya riƙa motsi a kanta, mahaifina ya ce a bar ta, ai tasa ce. Shekara hamsin tana wannan kukan har na gaji da shi, na ba da ƙyauren ina murna. Da ya tafi, gidan ya yi wani irin shiru da ban gane ba sai daga baya.

To, taki ma haka take. Wuri ɗaya, kuka ɗaya. Kunnen nan da ba ya jin waya, ba ya jin sallama, wannan yana jin sa tun daga ɗaki. Wani lokaci ina fita ba don komai ba, in buɗe in rufe.

Ɗazu kafinta ya zo, ya tura ƙyauren ya ji, ya ɓata fuska. Ya ce, “Mama, ƙusar 'yarki ce. Bari in cire in ɗan gyara miki.”

Na ce masa ya ɗauke hannunsa. A gidan nan an gama gyara.

Gwaggonki